Baƙin Tabo a Saman Haɗeja

Ga kacici-kacici, mai karatu. A ce jirgin masu Umra ya tashi daga filin Malam Aminu Kano a watan Agusta, ya nufi Jidda. Yana dosar Haɗeja sai ga hadari ya haɗo daga gabas. Allon rada ya nuna kore, sai rawaya, sai wani siririn jan layi. Bayansa kuwa baƙi ƙirin, alamar babu ko ɗigon ruwa. Ratsa layin ba zai ci minti biyu ba, amma matuƙi ya kauce, ya yi dogon zagaye. Me ya gani a inda babu komai?

Ko na'urar ce ta lalace? Ina! Ga ta tana nuna hadarin dama da na hagu sarai.

To ko ƙura ce? Rada ba ta ganin hazo, gaskiya ne, sai dai hazo na hunturu ne, mu kuwa muna tsakiyar damina.

Na san za ka ce fadama. Ka kusa! Kwantaccen ruwa, irin wanda ke malale daga Haɗeja zuwa Nguru, yakan fito baƙi a allo, domin yana karkatar da saƙon rada zuwa wani gefe. Mu gwada. Matuƙi ya sunkuyar da faifan rada da ke hancin jirgin. Tudu ya bayyana a dama. Ya bayyana a hagu. Bayan jan layin fa? Babu gari. Babu gona. Ƙasa ta ɓace.

Ashe inuwa ce!

Rada aika saƙo take yi, ɗigon ruwa ya maido mata, ta auna nisa da yawan ruwan. Idan ruwan ya kai maƙura, sai ya shanye saƙon tun a bakin hadarin, kamar ka haska katanga da tocila: me za ka gani a bayanta? Ke nan layin ya sirance ne don nan ganin na'urar ya ƙare. Baƙin kuwa yana iya ɓoye ƙanƙara da guguwar da ta fi ta gaba muni. Shaidar ita ce ɓacewar ƙasa: saƙon da bai iske tudu ba, bai ratsa hadarin ba.

An sha darasin da tsada. Ranar 4 ga Afrilun 1977, jirgin Southern Airways ya kutsa hadari a jihar Jojiya ta Amurka, injinansa biyu suka mutu, mutum 72 suka rasu. Masu bincike sun lissafa dogaro da rada wajen ratsa hadari cikin dalilan hatsarin.

Shi ya sa ake horon matuƙa su ba babban hadari ratar aƙalla mil 20. In jirginka ya yi zagaye da damina, yi haƙuri, gara jinkiri da jana'iza.