Garkuwar kumbo tana tsufa tun kafin ta ga wuta

Idan kumbo ya kamo hanyar komowa duniya, yana shigowa cikin iska da gudun da ya kusa kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, zafin gabansa kuwa yakan kai digiri 1600. Abin da ke tsakanin wannan wuta da ƴan sama jannati shi ne garkuwar zafi, wadda aka lulluɓe jikin kumbon da ita. Amma mai karatu ya sani, kafin ranar komowa garkuwar nan takan yi watanni tana shawagi a sararin samaniya, kuma can ma ba hutawa take yi ba.

Mutane da yawa suna zaton babu kome a can sama. Akwai saura. A nisan kilomita 400, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take kewaya duniya, hasken rana yana tsaga iskar oksijan ta zama ƙwayoyi guda-guda. Ƙwayar da aka raba da ƴar'uwarta ba ta zama lafiya: duk abin da ta ci karo da shi sai ta kama shi. Tana cin gawayin kabon, tana cin ƙaron roba da ake haɗa garkuwa da shi, sannu a hankali kamar yadda gara ke cin azara. Tubalan da aka manna wa kumbunan Amurka irin su Columbia da Discovery, su kam ba ta cika damunsu ba, domin da tataccen yashi aka yi su. Sai dai ba su da ƙwari, ƙaramin abu yana fasa su.

Ƙananan abubuwan kuwa suna nan birjik: tsakuwar sama wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, da ɓarɓashin fenti da na ƙarfe da kumbunan baya suka bari. Da irin wannan gudu, ɗan ɓarɓashi yana huda kamar harsashi. Ga kuma zafi da sanyi: kumbo yana kewaya duniya cikin minti 90, wato sau 16 a kowace rana yana fita daga ƙunar rana ya faɗa matsanancin sanyin inuwar duniya. Kayan suna buɗewa suna tsukewa har tsaga ta bayyana.

Masana ba su tsaya ga hasashe ba. A watan Afrilu na 1984 kumbon Challenger ya ajiye wani ƙaton akwatin gwaji mai suna LDEF a sama, ɗauke da gwaje-gwaje 57. Ba a ɗauko shi ba sai a watan Janairu na 1990. Da aka duba gefen da ke fuskantar gaba, sai aka tarar wasu siraran ledoji sun cinye ƙurmus, jikinsa kuma duk ƙananan ramuka.

Haɗarin Columbia na ranar 1 ga Fabrairu 2003, wanda ya halaka mutum 7, daga wani ɓallin soso ya samo asali, wanda ya bugi fiffike lokacin tashi. Ba laifin sararin samaniya ba ne, amma ya nuna abin da rami guda ke jawowa. Daga 2006 har zuwa 2011 da aka daina aiki da waɗannan kumbuna, matuƙa sukan miƙa doguwar sanda mai kyamara su bincika hancin kumbon da gaban fikafikansa kafin su juyo gida.