Filogi, Adafta da Ƙarfin Wuta a Ƙasar Waje

Wanda ya tashi daga Katsina zuwa Maraɗi bai canja harshe ba, bai canja tuwo ba, amma da ya isa masauki ya ciro cajar wayarsa zai tarar bango ya canja. Soket ɗin da ya baro a gida mai ramuka uku ne masu kusurwa, irin na Ingila; wanda ke gabansa mai ramuka biyu ne zagayayyu, irin na Faransa. Nijar ta daɗe tana sayen wuta daga Najeriya, saboda haka ta yiwu wutar da ke bayan bangon ma daga gida ta taso. Kusan kowace ƙasa a yankinmu dai ta gaji soket daga wanda ya mulke ta: Gana ta bi Ingila, Kamaru da Cadi suka fi karkata ga Faransa.

Akwai filogi kimanin iri 15 a duniya, an yi musu laƙabi da haruffa daga A zuwa O. Namu mai ƙafa uku shi ne G. Ingila ta fito da shi a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya bambanta da sauran da cewa akwai ɗan fis a cikinsa, wanda ke tsinkewa idan wuta ta yi wa waya yawa. Mai zuwa Ingila, ko Dubai, ko Malesiya, ko Kenya, ba shi da damuwa, filoginsa zai shige kamar a gida. Yawancin Turai da Turkiyya da Masar na amfani da masu zagayayyun ƙafafu biyu, wato C da E da F. Amurka da Kanada da Japan suna da A da B, masu siraran ƙafafu falan-falan. A Sin ana samun A da kuma I, mai ƙafafu a karkace. Indiya na riƙe da D, mai zagayayyun ƙafafu uku, wanda har yau ake gani a tsofaffin gidajen Najeriya. A 1986 hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta zana filogi ɗaya da ta so kowa ya koma kansa. Brazil da Afirka ta Kudu na cikin 'yan ƙasashen da suka bi sawunsa. Sauran ba wanda ya ga dalilin fasa bangon miliyoyin gidaje.

Wannan duka ƙaramar matsala ce, adafta ke magance ta. Sai dai a san iyakar aikinta. Adafta mahaɗi ce kawai, kamar ɗan ƙarfen da ake haɗa tiyo da bakin famfo: ya sa su gamu, amma bai rage ƙarfin ruwan ba ko kaɗan. Duk wutar da ke bango, haka za ta zarce cikin na'ura. A nan ake asarar kaya.

Ƙarfin wutar gida ya kasu gida biyu. Najeriya da Nijar da Turai da Sin da Indiya da yawancin duniya suna tsakanin bolt 220 da 240. Amurka da Kanada suna kan 120, Japan kuwa 100. Asalin rabuwar tsohon zance ne. Lokacin da Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta wuta a birnin New York a 1882, ya zaɓi bolt 110 domin shi ne daidai da ƙwan fitilar zamanin. Daga baya Turai ta ninka, domin idan ƙarfin ya ƙaru ana iya tura wuta iri ɗaya ta siririyar waya, a rage kuɗin tagulla. Amurka ta riga ta yi nisa, ta zauna inda take.

To yaya mutum zai san ko kayansa za su jure? Amsar na rubuce a jikinsu, cikin ƙananan baƙaƙen da ba wanda ke karantawa. A juya cajar waya ko ta kwamfuta, a nemi lambar da ke gaban harafin V. Idan an ga 100–240V, to na'urar za ta sha wutar kowace ƙasa, domin akwai abin da ke daidaita wutar a cikinta. Adafta kaɗai take buƙata. Kusan duk cajojin waya da na kwamfutar hannu da na kamara na zamani haka suke. Idan kuwa an ga 220–240V kawai, ko 110–120V kawai, na'urar ta gida ɗaya ce, kuma a nan ake tsayawa a yi tunani.

Masu taurin kai su ne kayan zafi: dutsen guga, butar lantarki, hita, na'urar busar da gashi. Lissafinsu ba ya bin hankalin farko. Idan aka ninka ƙarfin wuta sau biyu, zafin ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Dutsen gugar da aka saya a Amurka, in aka jona shi a Kano ta adafta, zai ɗauki kusan ninki huɗu na zafin da aka gina shi a kai, kuma kafin a ankara ƙauri ya cika ɗaki. Akasin haka ba shi da haɗari sosai, takaici ne kawai: butar da ke ba da wat 2,000 a gida, a Amurka ba za ta kai wat 600 ba, mai shayi ya yi ta jira.

Mai rage wuta ko ƙara ta shi ne taransifoma, wanda masu sayen kayan gwanjo na Amurka suka sani da sitef-dawun. A cikinsa ƙarfe ne da naɗaɗɗiyar wayar tagulla, shi ya sa yake da nauyi, kuma nauyin na ƙaruwa da yawan wat ɗin da zai ɗauka. Ƙaramin da zai riƙe rediyo ya shiga aljihun jaka. Wanda zai riƙe buta sai an ɗauka da hannu biyu, ya cinye rabin kilon da kamfanin jirgi ya ba fasinja. Ana zaɓarsa ne da duba lambar da ke gaban harafin W a jikin na'ura, sannan a sayi wanda ya ɗara ta da rata mai kyau, musamman in na'urar mai inji mai juyawa ce, domin irin wannan inji kan ja wuta mai yawa lokacin tashi. Akwai kuma wani iri marar nauyi da ake tallatawa ga matafiya, ga shi ɗan mitsitsi amma an rubuta masa wat dubu da wani abu. Wannan ba taransifoma ba ne. Datse wutar yake yi gutsi-gutsi. Ya dace da kayan zafi zalla, na ɗan lokaci, amma yana iya kashe duk abin da ke da ƙwaƙwalwar lantarki. Kada kuma a rikita taransifoma da sitabilaizar da muka saba da ita, wadda aikinta gyara wutar da ke hawa da sauka. A ganina, mai tafiyar mako biyu ko wata guda ba shi da dalilin ɗaukar ko ɗaya. Ya bar dutsen gugarsa a gida, ya ari na masauki ko ya sayi mai araha a can.

Saura abu na uku, wanda taransifoma ba ya iya gyarawa. Wutar gida kai-da-komo take yi, sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Turai, sau 60 a Amurka. Shi ne lambar da ke gaban Hz. Caja ba ruwanta da wannan, amma masu aski sun san shi ko da ba su san sunansa ba: kilifar Amurka mai aiki da maganaɗisu, ko an sa mata sitef-dawun, takan cika shago da ƙara, domin bugun wutar bai yi daidai da nata ba. Japan ma a cikin gida a rabe take, Tokyo na kan 50, Osaka na kan 60, saboda tun ƙarshen ƙarni na 19 ɗaya ta sayo injinan Jamus, ɗayar ta sayo na Amurka.

Maniyyaci ya lura da Saudiyya. Wutarta na kan 60, kuma ta daɗe tana amfani da ƙarfi biyu, 127 da 220. Tun 2010 ta ɗauki hanyar komawa 230 da filogi irin namu, saboda haka a sababbin masaukai ba matsala, amma a tsohon gini ana iya cin karo da wani soket daban. Abin da ya fi damun alhazai shi ne ƙarancin soket: mutum huɗu ko biyar a ɗaki, kowa da waya biyu. Maganinsa wayar jona mai ramuka da yawa da aka taho da ita daga gida. Dabarar ta yi aiki a kowace ƙasa, adafta ɗaya a bango, sauran kaya su hau wayar da filoginsu na asali. Sai dai ita ma a duba lambarta, don wadda aka yi wa wutar 120 mai kariyar tsawa a ciki takan fashe a kan 230.

Wajen sayen adafta, a duba abu biyu. Na farko yawan wutar da za ta iya ɗauka, wato lambar da ke gaban harafin A. Filoginmu na ɗaukar har 13, kusan wat 3,000 ke nan, alhali adaftoci masu araha da yawa ba su kai haka ba. A ɗora musu buta su yi laushi su narke. Na biyu ƙafa ta uku. Ita ce ke kai wuta ƙasa idan waya ta zare ta taɓa jikin na'ura mai ƙarfe, kuma adaftar "shiga ko'ina" sau da yawa ramin kawai gare ta, babu komai a bayansa. A soket irin namu wannan doguwar ƙafa ce ke buɗe murfin da ke tsare sauran ramukan biyu daga yatsun yara. Masu zura murfin biro ko tsinke a ramin sama don su cusa filogi mai ƙafa biyu suna tsallake murfin, suna kuma tsallake fis, ga zagayayyar ƙafa ba ta kama ramin kusurwa da kyau, sai ta yi ta tartsatsi tana ƙona bakin soket.