Gidajen Opera Na Duniya: Kyawun Gini Da Ƙalubalen Sauti

Opera nau'in wasan kwaikwayo ne da ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600, inda 'yan wasa ke rera zantukansu cikin waƙa, ayarin makaɗa na yi musu rakiya. Bisa al'ada mawaƙin opera ba ya amfani da makirufo. Dole muryarsa ta keta kiɗan makaɗa masu yawa har ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe. Ginin da kansa ne ke yin aikin amsa-kuwwa, kuma a nan ake gane gwanin magini.

Italiyawa sun daɗe da gano dabarar. Zauren La Scala na birnin Milan, wanda aka buɗe a 1778, a lanƙwashe yake kamar harafin U, da ƙananan ɗakunan 'yan kallo jere hawa-hawa a jikin bango. Wannan siffa tana kusanto da jama'a ga dandamali, don kada murya ta yi doguwar tafiya. Teatro Colón na Buenos Aires a Ajantina, da aka buɗe a 1908, ya bi wannan tsari, kuma har yau ana lissafa shi cikin zaurukan da suka fi daɗin sauti a duniya.

A birnin Paris kuwa ado ne ya yi rinjaye. Palais Garnier, na shekarar 1875, ya shahara da ƙatuwar matattakalar marmara da aka yi domin manyan gari su hau a hankali kowa ya gan su. Kallo ke nan tun kafin a ɗaga labule.

Sai dai babu inda kyawun gani da daɗin ji suka yi karo kamar a Sydney ta Ostireliya. A 1957 wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Denmak, Jørn Utzon, ya lashe gasar zana gidan, da rufi mai kama da filafilan jiragen ruwa a bakin teku. An fara aiki a 1959 alhali ba a san yadda za a ɗora rufin ba. Sai bayan shekaru Utzon ya samo mafita: a yanko kowane ɓangare daga jikin siffar ƙwallo guda, ta yadda za a riƙa zuba kankare da ƙwarya iri ɗaya. An lulluɓe rufin da tayil sama da miliyan ɗaya da aka ƙera a Suwidin.

Kuɗin da aka ƙiyasta dalar Ostireliya miliyan 7 ne, amma aikin ya ci miliyan 102. Saɓani da gwamnatin jihar ya sa Utzon ya ajiye aikin a 1966 ya bar ƙasar, wasu suka ƙarasa cikin ginin. Su ne suka mayar da babban zauren na kiɗa zalla, aka tura opera ƙaramin zaure, inda ramin makaɗa ya yi ƙunci. A babban zauren ma, makaɗa sun yi shekaru suna kukan ba sa jin junansu saboda tsayin rufi. Abin mamaki ne a ce gidan opera mafi shahara a duniya a fannin sauti ya fi rauni.

Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe gidan a 1973, Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2007, an kuma sake buɗe babban zauren a 2022 bayan gagarumin gyaran sauti. Utzon ya rasu a 2008 ba tare da ya koma ya ga ginin a kammale ba.