Hukuncin Bindigar Aljihu

A Amurka, inda tsarin mulki ya halatta wa jama'a riƙe makami, muhawarar masu bindigar aljihu ita ce wacce ta fi dacewa a ɓoye cikin tufafi rani da damina: ƙarama, wadda ba ta da nauyi amma take da wuyar saiti, ko kuwa babba, wadda ta fi cin harsashi da zama daram a hannu, illa dai girmanta yakan tona asirin mai ita. Amma mutumin Kudan ko Hunkuyi a Jihar Kaduna, ko da yake babbar rigarsa za ta iya rufe kowacce daga cikinsu, wannan mas'ala ba ta hau kansa ba, domin Dokar Makamai ta 1959 ta lissafa bindigar aljihu cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallakarsu sai da iznin Shugaban Ƙasa, wanda kuwa aka kama da ita ba izni, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne. Lasisin bindigar farauta mai harsashi yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na bindigar toka kuwa, irin ta maharba da masu gadin gonakin rake a Maƙarfi, Kwamishinan 'Yan Sandan Jihar Kaduna ke bayarwa.