Zaman Gida Ɗaya a Maitumbi

Tun da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, unguwanni irin su Maitumbi, da ke ƙaramar hukumar Bosso, suke ta cika da jama'a. Zaman tare a nan iri biyu ne. A gidan gado zaure ɗaya ne, kowane ɗa da sashensa, kaka kuma tana riƙe jikoki idan iyaye sun fita nema. A gidan haya kuwa, Gwari, Nufawa da Hausawa ke haɗa rijiya, banɗaki da kuɗin wuta. Nan saɓani ya fi yawa, musamman kan shara, domin ba kasafai ake samun dattijon da kowa ke jin maganarsa ba. Ba a nan kaɗai ake zaman tare ba: a Denmak, tun 1972 wasu iyalai suka tsara nasu da gangan, har da zauren cin abinci na kowa.