Gajarta Ce Ko Jinkirin Girma?

Kusan kowane aji na ƙaramar sakandare yana da yaron da ake zaunarwa a bencin gaba don kada dogaye su tare masa allo. In an tayar da maganar a gida, sai kaka ta ce, "Ku ƙyale min shi, haka ubansa ya yi." Sau da yawa tana da gaskiya. Akwai gajartar gado, akwai kuma jinkirin balaga, wanda ya fi yawa ga maza: yaro ya kai shekara 14 murya ba ta buɗe ba, sai can a 16 ko 17 ya miƙe ya kamo sa'o'insa.

Shi likita bai damu da tsawon yaro na yau ba kamar yadda ya damu da abin da ya ƙaru a shekara. Kafin balaga, yaro kan ƙara santimita 5 zuwa 6. In ƙarin ya gaza 4, akwai abin dubawa. Yakan kuma haɗa tsawon uwa da na uba, ya ƙara santimita 13 in namiji ne, ya rage 13 in mace ce, ya raba biyu, don ya san inda gado ya nufa. Daga nan sai hoton ƙashin hannun hagu. Ƙashi ma yana da nasa shekarun, kuma in ya nuna ƙuruciya fiye da mai shi, to da sauran tafiya.

A wajenmu, kafin a kai ga cututtuka masu wuyar suna, sai an fara tambayar tukunya. Rashin abinci mai gina jiki tun daga goyo yana tsumburar da yaro, haka tsutsar ciki, amosanin jini da ciwon ƙoda. Bayan su sai ƙarancin sinadarin maƙogwaro, ko na girma da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa. Yarinya gajera da ta wuce 13 ƙirji bai fara fitowa ba, ana gwada ta don cutar Tana, wadda mata kaɗai take samu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne iyayen da ke rugawa kemis su sayo maganin ƙibar nan "sha ka fashe". Wasu irinsa kumbura kumatu kawai suke yi, su kuma danne tsawon da ake nema. Ga shi lokaci ba ya jira: da zarar bakin ƙashi ya rufe, babu allurar da za ta ƙara tsawo. Na 'ya mace ma ya fi saurin rufewa, domin bayan al'adarta ta farko abin da ya rage mata yawanci bai wuce santimita 5 zuwa 7 ba.