Kafin Ka Sayi Kwamfutar Buga Gem Ɗin Da

Duk wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Jos tsakanin shekarun 1990 da farkon 2000 ya san gidan gem: ɗan shago mai benci biyu, talabijin mai ƙusumbi, janareta na ruri a bakin ƙofa, yara sun yi cirko-cirko da 'yan canjinsu suna jiran a cinye wani a Winning Eleven ko Mortal Kombat su karɓi pad. Yaran nan yau magidanta ne, kuma da yawansu na marmarin su sake buga waɗancan wasannin, ko su nuna wa 'ya'yansu. Sai dai na'urorin sun tsufa. Idon PlayStation 2 mai karanta faifai ya dushe, kaset ɗin Sega ya yi tsatsa, wayoyin sun ɓace tun tashin gida na biyu. Shi ya sa ake komawa ga manhajar kwaikwayo, wadda aka fi sani da emuleta, mai sa kwamfuta ko waya ta yi kamar ita ce tsohuwar na'urar. Yawancin manhajojin nan kyauta ne. Inda ake asarar kuɗi shi ne wurin zaɓen kwamfutar da za ta ɗauke su.

Wani ƙanina ya tara kuɗi ya je kasuwa neman laftof ta hannu. Mai shagon ya shafa ta ya ce, "Alhaji, Core i7 ce, babu gem ɗin da ba za ta ja ba." Ya kawo ta gida da murna, ya ɗora PCSX2, manhajar kwaikwayon PlayStation 2, ya kunna God of War. Jarumin wasan ya riƙa ɗaga takobi kamar mai tafiya cikin taɓo, sautin kuma yana jan jiki kamar kaset ɗin da rediyo ya tauna. Ya kira ni yana faɗa: yaya kwamfutar da ta fi PlayStation 2 ƙarfi ninki-ba-ninki za ta kasa wasan shekarar 2005? Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ce ginshiƙin duk wannan bayani.

Kowace na'ura da harshen da ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, ke ji. PlayStation ta farko, wadda ta fito a Japan a 1994, tana jin harshen MIPS. Sega Mega Drive ta 1988 tana jin na Motorola 68000. Kwamfutar da ke kan teburinka kuwa x86 take ji, wayarka kuma ARM. Saboda haka emuleta tafinta ce. Umarni na fitowa daga wasan, sai ta fassara shi zuwa harshen kwamfutarka, kuma dole ta gama kafin lokacin hoto na gaba. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa ɗaya ba ya ba ta ko kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa a kan kowane hoto. Bayan furosesa akwai sashen zana hoto, da na sauti, da na karanta faifai, duk sai an kwaikwaye su, a kuma sa su tafiya tare ba tare da wani ya wuce wani ba. Furosesar PlayStation 2, wadda Sony ta raɗa wa suna Emotion Engine, ba ta kai megahaz 300 ba, amma tana da wasu mataimaka biyu masu lissafi na musamman waɗanda kwaikwayonsu ke cin ƙarfi sosai.

Daga nan ne ƙa'ida ta farko ta fito. Furosesar zamani ta kasu gida-gida, kowane gida na iya aikinsa shi kaɗai, su ne 'yan kasuwa ke kira core. To amma fassara aiki ne na bi-da-bi. Tafinta goma ba sa sa jimla ɗaya ta fita da sauri, domin kalma ta biyu tana jiran ta farko. Yawancin manhajojin kwaikwayo 'yan gidaje kaɗan suke mora, ragowar na zaune. Abin dubawa shi ne saurin gida guda ɗaya. Masu PCSX2 ma da wannan ma'aunin suke bayyana irin kwamfutar da manhajarsu ke buƙata, kuma shafin PassMark na jera makin kowace furosesa a wannan fanni, kowa na iya dubawa a wayarsa yana tsaye a shago.

Nan ne sunan i7 ke yaudarar mutane. Sunan yana nuna matsayin furosesa a tsakanin tsararrakinta ne kawai. Lambar da ke biye da shi ce ke faɗin shekarunta. Idan ka ga i7-2600, wannan 2 ɗin na farko na nufin zubi na biyu, na shekarar 2011. Ita kuwa i3-12100 zubi na 12 ce, ta 2022, kuma a saurin gida ɗaya ta yi wa waccan fintinkau duk da ƙaramin sunanta. A laftof kuma a lura da harafin ƙarshe: mai U an ƙera ta ne don tattalin batir, mai H ta fi ta ƙarfi. Da na buɗe bayanan laftof ɗin ƙanina, i7 ce da gaske, amma ta zubi na biyu mai gida biyu kacal. Mai shago bai yi ƙarya ba, ya dai faɗi rabin magana.

Ƙa'ida ta biyu ita ce daidai ruwa daidai tsaki. Ka fara yanke shawarar wace na'ura kake son kwaikwaya, sannan ka nemi kwamfuta. Idan Super Mario da Contra da Sonic ne burinka, wato Nintendo ta 1983 mai RAM kilobait 2 kacal, da Sega, da Super Nintendo ta 1990, kusan kowace kwamfuta ko wayar Android da ke hannunka ta wadatar. Haka ma PlayStation ta farko da manhajar DuckStation, da PSP da manhajar PPSSPP. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4, wadda ba ta fi tafin hannu ba, tana ɗaukar wannan rukuni cikin sauƙi, ga kuma na'urorin hannu irin na kamfanin Anbernic da aka ƙera don haka. Nintendo 64 da Sega Saturn sun fi wuya duk da tsufansu, domin gininsu murɗaɗɗe ne. Ita Saturn furosesa biyu gare ta masu aiki kafaɗa da kafaɗa.

Mataki na gaba shi ne PlayStation 2 ta shekarar 2000, wadda aka sayar da sama da miliyan 150 a duniya, da GameCube da Wii waɗanda manhajar Dolphin ke kwaikwaya. A nan ana son furosesa mai gida huɗu mai sauri, misali Core i5 daga zubi na takwas zuwa sama ko Ryzen 5 ta AMD, da RAM gigabait 8. Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigo da su na hannu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, sukan yi wannan aiki da kuɗi kaɗan, kuma sau da yawa sun fi laftof mai irin farashinsu. PlayStation 3 ta 2006 kuwa duniya ce daban. Furosesarta mai suna Cell tana da babban gida ɗaya da ƙananan mataimaka shida da wasanni ke amfani da su a lokaci guda, don haka manhajar RPCS3 tana cin moriyar gida shida zuwa takwas na zamani, da RAM gigabait 16, da katin hoto na gaske. Wanda ba ita yake nufi ba, kada ya biya kuɗinta.

Akwai kuma batun daidaito. Manhajar ZSNES ta fito a 1997 tana buga wasannin Super Nintendo a kwamfutocin Pentium na wancan zamani, amma da dabarun yanke hanya waɗanda ke ɓata sauti da lokaci a wasu wasanni. Daga baya bsnes ta zo da niyyar kwaikwayon na'urar daki-daki, har mai ita ya bayyana a 2011 cewa aikin na buƙatar furosesa mai kimanin gigahaz 3. Na'ura ɗaya ce, amma gwargwadon amincin kwaikwayo, gwargwadon ƙarfin da ake nema.

Katin hoto, wanda matasa suka fi zuba wa kuɗi, aikinsa a nan ƙawata hoto ne. Yawancin wasannin PlayStation 2 sun fito da hoto mai ɗigo kimanin 640 a faɗi da 448 a tsaye. Idan kana son a ninka shi sau uku ya cika talabijin na zamani tas-tas, kati zai taimaka. Idan ka yarda da hoton asali ko ninki biyu, sashen hoton da ke cikin furosesa kamar Ryzen 5 5600G ya isa, musamman idan RAM ɗin sanda biyu ce maimakon ɗaya, domin hanyar ɗibar bayanai na ninkuwa. Ma'ajiya kuwa lissafinta a fili yake: Super Mario Bros. kilobait 40 ne, faifan PlayStation bai wuce megabait 700 ba, na PlayStation 2 yawanci bai wuce gigabait 4.7 ba, na PlayStation 3 kan kai 50. SSD na rage jira wurin buɗe wasa, amma ba ta ƙara masa gudu.

Sai abin da masu ba da shawara daga Turai da Amurka ba su cika tunawa da shi ba, wato wuta da zafi da ƙura. Babbar kwamfuta mai katin hoto kan sha wat ɗaruruwa, ita kuwa Raspberry Pi 4 cajarta wat 15 ce, ƙaramin batirin sola zai riƙe ta har dare ya raba. A zafin watan Afrilu, furosesar da ta yi zafi da yawa tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai ka ga wasa ya fara lafiya, bayan minti ashirin ya soma tsinkewa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Duk wanda ya sayi ta hannu ya sa mai gyara ya buɗe ta, ya busa ƙurar, ya canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta.

Kada a manta da pad da talabijin. Pad mai waya ya fi rage jinkiri tsakanin latsawa da motsi, kuma a kunna tsarin gem a cikin saitin talabijin. A bar hoton a fasalinsa na 4:3, kada a miƙe shi 'yan ƙwallo su koma gajeru masu faɗi. Nijeriya tsarin talabijin na PAL ta bi, mai hoto 50 a daƙiƙa, alhali Japan da Amurka NTSC mai 60 suka bi, don haka idan ka ji Sonic ya fi gudun da ka sani, wataƙila zubin Amurka kake bugawa. Bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt kuwa ba ta aiki sai da talabijin mai ƙusumbi.

Ta fuskar doka, wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a shari'arsa da Sony a shekarar 2000 kan manhajarsa ta kwaikwayon PlayStation. Amma wasannin kansu, da ƙaramar manhajar BIOS da ke cikin na'ura, suna da masu haƙƙinsu. Hanyar da ta fi ƙarancin gargada ita ce mutum ya kwafo su daga faifansa da na'urarsa. A 2024 masu manhajar Yuzu, mai kwaikwayon Nintendo Switch da ke kasuwa a lokacin, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 kuma suka rufe aikin.

Ƙanina ya mayar da laftof ɗin da 'yar asara, ya ɗauki ƙaramar kwamfutar ofis mai i5 ta zubi na takwas. A wannan karon da filash ɗinsa ya je, ɗauke da manhajar da wasan da ya fi nauyi a cikin waɗanda yake so. Ya roƙi mai shago ya jona masa wuta, ya zauna ya buga na rabin awa, yana sauraren sauti yana taɓa jikin akwatin ya ji zafinsa. Sai da ya ga ba ta tsinke ba ya ciro kuɗi. Duk mai niyyar saye ya yi haka, kuma mai shagon da ya ƙi yarda a gwada kayansa, a wuce shi zuwa na gaba.